Alhakin Abin Da Aka Binne Kusa Da Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, ga wata mas'ala da ta cancanci nazari: wanda ya binne man fetur ko iskar gas a ƙarƙashin ƙasa kusa da ruwan shan jama'a, alhali babu wanda ya cutu tukuna, shin akwai alhaki a kansa tun yanzu, ko kuwa sai ranar da ɓarna ta bayyana?

Mas'alar a ƙofar gidanmu take. Bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar teku a ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, binne yake cikin ƙasa, kuma ya ratsa jihar Maraɗi. A 2024 ya fara kai mai, kuma a watan Yuni na shekarar aka fasa shi a gabashin ƙasarmu. Haka nan kowane gidan mai da muke gani a bakin hanya yana da tanki binne a ƙarƙashinsa. Ga shi kuma a fadamar Gulbin Maraɗi, tun daga Tabkin Madarunfa har Tibiri da Gidan Rumji, ruwan ƙasa ba shi da zurfi, shi ya sa masu lambu ke samunsa da gajeren haƙa.

Idan tanki ya yi tsatsa, man yana tsiyaya sannu a hankali, ya ratsa yashi, ya kwanta a kan ruwan ƙasa, ya bi shi har rijiya. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Duk wannan yana gudana ne inda ido ba ya kaiwa.

Akwai darasi a Tabkin Peigneur na jihar Luwiziyana ta Amurka. Ranar 20 ga Nuwamba 1980, masu haƙar mai suka huda rufin wata mahaƙar gishiri da ke ƙarƙashin tabkin. Ruwan ya zurare cikin ramin, na teku ya kwararo ya maye gurbinsa, tabkin ruwan daɗi ya koma na gishiri. Daga baya aka riƙa adana iskar gas a kogunan gishirin da ke ƙarƙashinsa, mazauna wurin kuwa suka yi shekaru suna adawa da faɗaɗa ma'ajiyar, domin sun ga abin da kuskure guda ya haifar.

Mu ma muna da namu darasin a Tibirin Gobir. Tun tsakiyar shekarun 1980 mutanen garin suka riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid. Ruwan garau yake a ido, amma haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe, kuma sai wajen shekarar 2000 al'amarin ya fito fili. Ba mai ne ya gurɓata wannan ruwa ba, amma ya nuna mana cewa cutar da ke fitowa daga ƙasa takan riga labarinta isowa.

Saboda haka amsarmu ita ce, alhakin yana hawa wuyan mutum tun ranar da ya binne. Shari'a ta hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ba ta jira sai wani ya kwanta ciwo ba. Malaman fiƙihu sun keɓe wa rijiya harami, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yin abin da zai cutar da ruwanta a cikinsa. Mazhabar Malikiyya kuma ta shahara da ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna tun kafin a shige ta.

Wani zai ce, ai da mai muke kai mara lafiya asibiti, da shi injin ban ruwa ke tashi. Gaskiya ne, kuma ba haramta fataucin mai muke yi ba. Sai dai ribar ta mai tanki ce, cutar kuwa ta maƙwabci ce da jikokinsa, waɗanda ba a shawarce su ba. Wanda ya ci riba, shi ya kamata ya ɗauki nauyin tsaro: ya nisanta ma'ajiyarsa da rijiya da tabki, ya riƙa bincikenta, in ta yoyo ya faɗa kada ya ɓoye. Hukuma ta riƙa auna ruwan rijiyoyin da ke kusa tana sanar da jama'a sakamako. Mu kuma, duk wanda ya ji warin mai a guga, ya kai magana ga mai gari da magajin gari ba da jinkiri ba.

Allah Ya tsare mana ruwanmu, Ya sa mu miƙa shi ga 'ya'yanmu da tsarkinsa kamar yadda muka gāje shi. Amin.