Kula da Ma'aikaci: Alheri ne ko Haƙƙi?

Yawancin manajoji daga ƙasa suke tasowa. Mutum kan fara a matsayin masinja ko akawu, a yi ta ɗaga shi, har wata rana albashin wasu da lokacin hutunsu su zama a hannunsa. Daga ranar da ya hau wannan kujera akwai tambayar da take jiransa: shin kula da lafiya da kwanciyar hankalin na ƙasa da shi alheri ne da zai yi in ya ga dama, ko kuwa haƙƙi ne da ake bin sa? Rayuwar Robert Owen, wani manaja da ya yi zamani a Birtaniya, za ta taimaka mana wajen auna wannan tambaya.

An haifi Owen a shekarar 1771 a garin Newtown na yankin Wels. Yana ɗan shekara 10 ya bar gida ya zama yaron kantin tufafi. Da ya kai wajen shekara 20 aka ba shi manajan wata masana'antar kaɗin auduga a Manchesta mai ma'aikata kimanin 500. A shekarar 1800 kuma ya kama ragamar masana'antar New Lanark a Sikotland, wadda shi da abokan cinikinsa suka saya daga surukinsa David Dale. A can ya tarar da ɗaruruwan yara da aka kwaso daga gidajen gajiyayyu suna aiki a gaban injuna. Sai ya daina karɓar irin waɗannan yara, ya hana ɗaukar wanda bai kai shekara 10 ba, ya rage awannin aiki, ya kafa kanti mai rahusa, kuma a 1816 ya buɗe makaranta wadda har 'yan ƙanana take karɓa.

Mai karatu yana iya cewa ai wannan duk dabarar neman riba ce, domin ma'aikaci mai ƙoshin lafiya ya fi yin aiki, kuma lalle masana'antar ta yi riba. Wannan magana tana da ƙarfi, amma masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Shekaru kaɗan bayan ya kama aiki, Amurka ta hana fitar da auduga zuwa Birtaniya, farashi ya yi tashin gwauron zabo, injuna suka tsaya wata huɗu. Owen ya ci gaba da biyan ma'aikata cikakken albashi. A 1813 kuma, da masu hannun jari suka ƙi yarda da kuɗin da yake son kashewa kan ilimi, ya rabu da su ya nemo wasu, ciki har da masanin falsafa Jeremy Bentham. Saboda haka ba a gane niyyar manaja a lokacin da kirki da riba suke tafiya tare. Ana gane ta ranar da suka raba hanya.

Duk da haka, akwai wani gefe da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Owen ya rataya wa kowane ma'aikaci ɗan katako mai fuska huɗu, baƙa da shuɗiya da rawaya da fara, ana juya fuskar da ke nuna halinsa na jiya don kowa ya gani. Ya kuma sa ana shiga gidajensu ana duba tsabta. Wato shi ne mai yanke abin da ya dace da su, kamar uba da 'ya'yansa. A nan ne raunin alheri yake, domin mai bayarwa yakan ga yana da ikon gindaya sharaɗi, kuma abin da aka ba ka don ganin dama ana iya karɓe shi ranar da aka sauya manaja.

Ga alama Owen ya fahimci cewa kirkin mutum ɗaya ba zai wadatar ba, domin daga 1815 ya shiga fafutukar a yi doka. Dokar da majalisa ta zartar a 1819 ba ta kai abin da ya nema ba, amma ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masana'antun auduga. Abin da jiya yake kyautar mutum guda ya fara zama wajibi a kan kowa.

A ganina, kula da ma'aikaci haƙƙi ne, domin da guminsa aka gina kujerar da manaja yake kai. Manajan da ya yarda da haka ba zai jira godiya ba don ya bar maras lafiya ya huta. Zai tambayi ma'aikata abin da ke damunsu kafin ya yanke musu magani, sa'annan ya rubuta abin da aka amince a cikin ƙa'idojin aiki, yadda zai ɗore ko bayan an yi masa canji. Ranar da ya sauka, da wannan ne na ƙasa da shi za su auna shi.