Sa Kai: Wa Ke Taimakon Wa?

Ƴan uwa ɗalibai, babban hutu ya ƙarato, kuma maganar da ke yawo tsakaninmu ita ce ta zuwa wata ƙasa koyarwa a matsayin ɗan sa kai. Wata biyu ko uku gaban allo, a ɗauki hoto da yara, a komo da takardar shaida. Niyyar dai mai kyau ce. Amma ga tambayar da ban ji ana yi ba: ɗalibin da bai gama koyon malanta ba, in ya tsaya gaban ƴaƴan wasu, bayarwa yake ko karɓa?

Mu ƴan Nijar mun san abin ta ɗaya gefen, don mu aka daɗe ana zo wa. Ƴan sa kai na Amurka, wato Peace Corps, sun fara zuwa a 1962. Shekara biyu kowannensu ke yi, kuma kafin a kai shi ƙauye sai an zaunar da shi ya koyi harshen wurin, kamar Hausa ko Zabarmanci. Duk da haka, a watan Janairun 2011, da aka sace wasu samari Faransawa biyu a Yamai, cikin ƴan kwanaki aka kwashe su duka. Ban ga laifinsu ba, rai ba abin wasa ba ne. Sai dai abin ya nuna gaskiyar da ke ƙarƙashin kowane sa kai: baƙo yana da tikitin komawa gida, yaron da ke kan benci ba shi da shi.

Mutanen jiharmu ta Agadas ba sai an yi musu dogon bayani ba. A Anu Araren ake haƙo gawayin ƙasa, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 ya ƙone shi ya ba ma'adinan Arlit da Akokan wuta. Uraniyam ya fita, ya tafi. Da COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, kowa a Akokan abu ɗaya yake tambaya: me aka bar mana? To, wannan tambayar ce ya kamata a yi wa malamin sa kai, Bature ne ko ɗan Maraɗi.

Don in za mu faɗi gaskiya, ɗalibi mai koyon malanta kan yara yake koyon hannu, kamar sabon wanzami. Shi zai komo da gogewa da layi ɗaya cikin takardar neman aiki. Su kuwa shekarar karatunsu ce, ba ta dawowa. Wani zai ce, ai ajin da ba mushe gara a samu ɗalibi da a rasa kowa. Haka ne. Amma a duba: malamin kyauta yana iya zama hujjar ƙin ɗaukar ɗan gari aiki, ko ta jinkirta albashin ɗan kwantaragi da ke nan rani da damina.

Ke nan kar a je? A'a, a je. Najeriya ma tun 1987 take tura malamai da likitoci wasu ƙasashen Afirka, shekara biyu-biyu. Abin da nake cewa shi ne, mai zuwa ya san bashi ya ci, kuma ya biya.

Biya na farko harshe ne. Ɗauki yaro a ƙauyukan Cirozerin: gida Tamajak, kasuwa Hausa, lakwal Faransanci. In malami ba ya iya gaishe shi da harshen uwarsa, darasin farko da yaron zai ɗauka shi ne harshen nan ba ya shiga aji. Alhali wataƙila kakarsa ta iya rubutun Tifinag, wanda malamin ko baƙi ɗaya bai sani ba. Ɗan Yamai da ya zo nan, ai ƙasar waje ya zo, fasfo kawai aka yafe masa.

Na biyu lokaci. In ba za ka iya kai yara ƙarshen shekara ba, kar ka karɓi aji kai kaɗai. Na uku, zauna ƙarƙashin malamin da ka tarar. Shi ya san wane yaro ke zuwa bai karya kumallo ba, da wanda ke ɓacewa in an tafi kiwo.

Bahaushe ya ce sa kai ya fi bauta ciwo. Wanda aka tilasta yana da uzuri. Wanda ya kawo kansa ba shi da ko ɗaya. Kafin ka cike takardar tafiya, tambayi kanka: ranar da na tashi, wa zai riƙe allin, kuma me na bar masa?