GIDAN HARSASHI NAWA NE ZAI ISHE KA?

Wata rana da la'asar muna zaune a ƙofar gida a nan Yamai, ni da wani maƙwabcina, tsohon soja wanda ya daɗe da ajiye kaki. Muna sauraron rediyo, sai aka ba da labarin wani hari da aka kai a jihar Tilaberi. Da aka gama labaru, tsohon ya girgiza kai, ya ce, "Malam, bindigar da ba harsashi ai sanda ce, sandar ma mai nauyin banza. Gidan harsashi shi ne ran bindiga."

Na ce, "To, Baba, gidan harsashi nawa ne yake isar mutum?"

Ya yi shiru har na zaci bai ji ni ba. Can sai ya ce, "Sa'ad da nake da huɗu, na so a ce shida ne. Ranar da na sami shida, na ga abokina yana da takwas, hankalina bai kwanta ba. Malam, ban taɓa ganin wanda ya ce nasa sun isa ba."

Ya kai mai karatu, wataƙila ba ka taɓa riƙe bindiga ba. Duk da haka ka daure ka karanta, gama maganar tsohon nan ta shafe ni, ta shafe ka.

DALILAN MASU TARAWA

Kakanninmu maharba sun yi farauta da bindigar toka. A ɗura albarushi ta baki, a danna, a harba sau ɗaya, sa'an nan a sake ɗurawa. Bindigar zamani ba haka take ba. Tana da wani ɗan akwatin ƙarfe da ake jera harsashi a ciki, a maƙala shi a cikinta. Shi ne gidan harsashi. Na bindigar Kalashnikov, wadda aka ƙera a ƙasar Rasha a shekarar 1947, yana cin harsashi 30. Bindigar kuwa tana iya fitar da harsashi wajen 600 a minti ɗaya. Wato in mutum ya danne kunamar bai saki ba, cikin sakan 3 gidan ya zama fanko.

Saboda haka masu bindiga suna da dalilai, kuma ba dalilan wauta ba ne.

Na ɗaya, sake jera harsashi 30 ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci, amma cire fanko a sa cikakke abin ƙiftawar ido ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, gidan harsashi yakan riga bindiga lalacewa. Sifirin da yake tura harsashi sama yana gajiya, bakin gidan yana lanƙwashewa in ya faɗi, ƙura da yashi irin na ƙasarmu suna shiga su sa ya cije.

Na uku, tsoron kada a wayi gari babu. A Amurka, a shekarar 1994, aka yi doka ta hana ƙera sababbin gidajen harsashi masu cin fiye da harsashi 10 domin sayar wa farar hula. Kafin dokar ta soma aiki masu ƙerawa suka yi ta ƙerawa, masu saye suka yi ta saye, kuɗinsu ya hau. Dokar ta ƙare a shekarar 2004, amma har yanzu duk sa'ad da aka soma zancen sabuwar doka sai mutane su ruga kantuna.

A ƙasarmu ta Nijar ba a sayar da irin waɗannan kaya a kanti, kuma farar hula ba shi da ikon riƙe bindiga sai da takardar izinin hukuma. Amma zuciyar da take tura Ba'amurke kanti, ita ce take raɗa wa mutumin Yamai cewa, "Da ka nemi taka, ka ɓoye a ƙarƙashin gado."

SHIN TANADI LAIFI NE?

A'a. Littafi Mai Tsarki bai hana tanadi ba. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, ya ceci mutane da yawa daga yunwa. Nehemiya, sa'ad da yake gina garun Urushalima, ya yi addu'a, ya kuma sa 'yan tsaro dare da rana. Manzo Bulus, a cikin Romawa sura 13, ya koya mana cewa Allah ne ya danƙa wa hukuma ikon hukunta masu mugunta. Soja ko jandarma wanda yake tsaron talakawa da gaskiya, in ya ɗauki gidajen harsashinsa ya tafi bakin aiki, bai yi zunubi ba. Ya cancanci addu'armu.

Ba za mu kuma yi wa mutanen ƙauyuka ba'a ba. A ranar 2 ga Janairu 2021 aka kashe mutum wajen 100 a Tchoma Bangou da Zaroumdareye. A watan Maris na shekarar nan aka kashe 137 a yankin Tillia, cikin jihar Tawa. Wanda ya binne 'ya'yansa da hannunsa, in ya ce yana son makami, wa zai ce bai san zafin da yake ji ba?

Amma akwai bambanci tsakanin tanadi da tanadi. In ka cika rumbunka da gero, maƙwabcinka yakan yi murna, gama ya sani ranar yunwa zai sami tiya ɗaya a wurinka. In kuwa ya ji labari ka tara harsashi, barci zai ƙaurace masa. Shi ma sai ya nemi nasa. Kai kuma da ka ji ya nema, sai ka ƙara. Kowa yana cewa kāre kai yake yi, amma gari duka ya fi dā hatsari. Hatsi ana ajiye shi domin a ci a rayu. Gidan harsashi huɗu kuwa harsashi 120 ke nan, kowane ɗaya an ƙera shi domin ya huda jikin mutum, mutumin da Allah ya halitta cikin siffarsa, mai uwa, mai 'ya'ya kamarka.

Kuma abin da aka tara ba ya zama inda aka ajiye shi. Shugaba Gaddafi ya yi shekara 42 yana mulkin Libiya, ya cika rumbuna da makamai. A shekarar 2011 ba su cece shi ba. Da ya faɗi aka fasa rumbunan, makaman suka bi hamada zuwa Mali da sauran ƙasashen Sahel, mu da ba mu saye su ba muka sha ɗacinsu. A shekarar 2000, ran 25 ga Satumba, an ƙone bindigogi fiye da 1,000 a Agadas domin shaidar ƙarshen tawaye. Mutane suka yi murna ƙwarai. Amma wutar nan ƙarfe ta ci, ba ta ci tsoro da ƙiyayyar da suke cikin zuciya ba. A shekarar 2007 aka sake jin ƙarar bindiga a arewa.

DUWATSU BIYAR DA MAYAƘA 1,300,000

Ka dubi mutum ɗaya, Dawuda, a lokaci biyu na rayuwarsa.

Yana saurayi ya fita ya kara da Goliyat (1 Sama'ila 17). Ya tsaya a rafi ya tsinci duwatsu biyar masu sulɓi ya sa a jakarsa. Ɗaya kaɗai ya yi amfani da shi. Sauran huɗun su ne nasa gidan harsashi na ko-ta-kwana. Allah bai tsauta masa saboda su ba, gama Dawuda ya faɗa a gaban kowa cewa ba ga makami ya dogara ba, ga sunan Ubangiji ne.

Da ya tsufa, yana sarki mai ƙarfi, ya umarci Yowab ya ƙidaya masa mayaƙan ƙasar (2 Sama'ila 24). Yowab ya yi masa gargaɗi, bai ji ba. Aka yi wata 9 da kwana 20 ana ƙirga, aka sami 800,000 a Isra'ila, 500,000 a Yahuza. Lissafin yana shiga kunnensa sai zuciyarsa ta kāshe shi, ya sani ya yi zunubi. Annoba ta zo ta ɗauke mutum 70,000, ba takobi ɗaya da ya iya tare ta.

Ka ga ashe ba yawan abin da yake cikin jaka ne Allah yake dubawa ba. Inda zuciya ta jingina yake dubawa. Da duwatsu biyar Dawuda ba ya tsoro. Da mayaƙa 1,300,000 sai da ya ƙirga su kafin ya yi barci. Abin da tsohon soja ya gaya mini ke nan: tsoro tulu ne mai huji, kome ka zuba ba ya cika.

ABIN DA MUKA GANI A YAMAI

Ran Jumma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da ran Asabar 17 ga wata a Yamai, tarzoma ta tashi saboda wani zane na ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Masu bin Yesu na Nijar ba su da hannu cikin zanen nan. Duk da haka 'yan sanda sun ce an ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 kuma suka rasa rayukansu a biranen biyu.

Daren nan tambaya ta shiga zukata da yawa: "Da muna da bindiga fa?" Bari mu amsa ta da gaskiya. Da kowace majami'a tana da mutum biyu masu cikakkun gidajen harsashi, wataƙila da waɗansu gine-gine sun tsira. Amma yawancin masu jifa da sa wuta samari ne, 'ya'yan unguwa. Da gawa nawa aka kwashe? Da wane ido za mu dubi iyayensu a kasuwar Katako? Da wane baki za mu ƙara yi musu maganar ƙaunar Allah? An sake gina majami'u da yawa daga cikin waɗanda aka ƙone. Ba maginin da zai iya sake gina yaro guda da harsashi ya kashe.

Shugabannin ikilisiya suka yi kira ga gafara, masu bi suka taru suka yi sujada duk da toka da hayaƙi. Kada mu manta kuma, akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu a ranar. Zaman lafiya da maƙwabci, wanda aka tara shekara da shekaru ta wurin gaisuwa da zumunci da taimakon juna, ya yi aikin da harsashi ba zai iya ba.

WANDA YAKE DA RUNDUNA AMMA BAI KIRA TA BA

Ina masu bi suka koyi wannan? A wurin Ubangijinsu. A daren da aka zo kama Yesu Almasihu a gonar Getsamani, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. Yesu ya umarce shi ya mai da takobin kube, ya gargaɗe shi cewa hanyar takobi a bakin takobi take ƙarewa, ya kuma taɓa kunnen mutumin ya warkar da shi. Ya sanar da Bitrus cewa da ya roƙi Ubansa, da nan take an aiko masa da rundunar mala'iku fiye da 12 (Matiyu 26). Ba wanda ya taɓa samun tanadi irin wannan. Bai taɓa ko ɗaya ba.

Me ya sa? Domin ya zo ne ya yi yaƙi da magabcin da harsashi ba ya kamawa. Me kake tsoro har kake tarawa? Ƙarshen dukan tsoro shi ne mutuwa. Me ya sa mutuwa take da ban tsoro? Domin bayanta akwai shari'a, mu kuwa mun sani mu masu zunubi ne. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 2, ta kwatanta tsoron mutuwa da bauta wadda mutum yake ciki muddin ransa. Yesu ya ɗauki zunubinmu ya mutu a kan gicciye a madadinmu, har yana roƙa wa masu kashe shi gafara. A rana ta uku ya tashi daga matattu. Wanda ya ba da gaskiya gare shi an gafarta masa, mutuwa kuma ta zama masa ƙofar shiga gida.

Ban ce maka mai bi ba ya shiga hatsari ba. Masu bi da yawa sun mutu ta hannun mugaye. Amma mai bi ba ya bukatar ƙirga kome kafin ya yi barci, gama ransa yana hannun da ba mai iya ƙwacewa.

KAI FA?

Mene ne naka gidan harsashi? Na wani laya ce a damtse, in ya sami ɗaya sai ya nemi ta biyu. Na wani kuɗi ne. Na wani sanin manya ne. Na wani kuwa fushi ne da ya jera a zuciya ɗaya bisa ɗaya, yana jiran ranar ramuwa. Ka tambayi kanka da gaskiya: sun taɓa isarka?

In kana riƙe da makami ba bisa doka ba, ka miƙa shi ga hukuma. Tun shekarar 1994 ƙasarmu ta kafa hukumar karɓar irin waɗannan makamai. In kai soja ne, ka yi aikinka da adalci, kada ka zub da jinin marar laifi, kada kuma ka sa zuciyarka ga abin da yake rataye a ƙirjinka. Ko kai wane ne, kana iya yin addu'a yanzu, inda kake zaune:

"Ya Allah, na dogara ga abubuwan da ba su iya cetona. Ni mai zunubi ne, mai tsoro kuma. Na gaskata Yesu Almasihu ya mutu domina, ya kuma tashi. Ka gafarta mini, ka cire tsoro da ƙiyayya daga zuciyata, ka ba ni salamarka. A cikin sunan Yesu, Amin."

In ka yi wannan addu'a da zuciya ɗaya, ka nemi fasto ko mai bishara da yake kusa da kai, ka gaya masa. Ka nemi Littafi Mai Tsarki, ka fara da Bisharar Yahaya, ka karanta Zabura 27 da 46 kafin ka kwanta. In ka gama da takardan nan, ka ba wani.