Ƙofar da Ba ta Jiran Sallama

Wanda ya taɓa kwana a Garwa cikin watan Maris ko Afrilu ya san abu biyu: zafin da ke haura digiri 40, da ɗaukewar wutar lantarki. Yawancin wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, kuma idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya, mu ma sai mu ji a jikinmu. A gidan rediyon da nake aiki akwai janareta, amma kafin ya tashi kwamfutar da ke sakin shirye-shirye ta riga ta mutu. Idan ta farfaɗo sai ta tsaya cak, tana jiran wani ya taɓa ta.

Ni ke gabatar da shirin farko na safe, bayan sallar asuba. Muna da manhajar da ke ba mutum damar shiga kwamfutar ofis daga gidansa, irin su AnyDesk da TeamViewer, ya ga allonta, ya motsa kibiyarta kamar yana zaune a gabanta. Sai dai yadda aka saita ta, dole wani da ke situdiyo ya danna amincewa kafin ta buɗe. Da ƙarfe huɗu na dare ba kowa a can sai maigadi, dattijo ne, ba ya karanta Faransanci balle Turanci. Sau da yawa nakan hau babur daga unguwar Yelwa cikin duhu don in danna maɓalli ɗaya tak.

Rannan yaron da ke kula mana da na'urori ya same ni. Ya ce, "Yaya, wahalar nan fa ta ganin dama ce. Zan iya saita ta yadda da zarar kwamfuta ta tashi, manhajar ta haɗu da kanta. Kana kwance a gado za ka shiga, ba mai tambayarka."

Na ce masa, "Ƙanena, yi yau, kada ka bari sai gobe."

Ya yi. Sati uku na yi barci mai daɗi, kuma ba zan ɓoye ba, na yi ta yabonsa a gaban manya.

Wata Laraba da rana na tuna ban jera waƙoƙin gobe ba. Ina gida na buɗe, allon ofis ya bayyana a gabana. Ashe wata abokiyar aikinmu, wadda ta girme ni da kusan shekara goma, tana zaune a wurin tana rubuta wa yayanta wasiƙa game da aurenta. Kafin hankalina ya gane abin da idona ke gani, na karanta layi uku. Na yi sauri in fita, kibiyar ta motsa a gabanta. Ta san wani ya shigo. Washegari na je na ce, "Anti, ni ne, ki yafe ni." Ta ce ba komai. Amma tun daga ranar ban ƙara ganin ta zauna a kujerar nan ba sai in aiki ya tilasta.

Abin da ya dame ni shi ne ban karya wata doka ba. An ba ni kalmar sirri, shugabanmu ya sani, kwamfutar ta ma'aikata ce. Dokar Kamaru ta 2010 kan tsaron intanet tana hukunta wanda ya kutsa ba da izini ba, ni kuwa ina da izini. To me ya sa na ji kamar na tsallaka katanga?

Na daɗe ina juya tambayar, kuma inda na fi samun haske shi ne tsarin gidan da na tashi a ciki. Gidanmu yana da zaure. Ƙofar zauren a buɗe take wuni guda, amma ƙanin mahaifina, wanda a gidan aka haife shi, ba ya wucewa ciki sai ya yi sallama an amsa. Ba mai zarginsa da sata. Sallamar tasa lokaci take ba matan gida su gyara lulluɓi, a janye maganar da ba ta baƙo ba ce. A makarantar allo da ta Islamiyya an koya mana cewa Suratun Nur ta umarci a nemi izini kafin shiga gidan wani, har ta ware lokuta uku, kafin asuba da tsakar rana da bayan isha'i, da ko yaran gida sai sun nemi izini. Labarin Abu Musa al-Ash'ari kuma sananne ne, wanda ya nemi izini sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, da bai ji amsa ba ya juya. A duk wannan, izinin jiya ba ya wadatar da yau, domin halin da mutumin ciki yake ciki yana sauyawa. Maɓallin amincewar da na tsana, shi ne sallamar. Da muka cire shi, izinin da shugaba ya ba ni sau ɗaya ya hau kan duk wanda zai zauna a kujerar nan, ba tare da an tambaye shi ba.

Amma kada mai karatu ya ɗauka ɗaya ɓangaren ba shi da hujja. Yana da ita, mai nauyi ma. A wajenmu rediyo ba nishaɗi kaɗai ba ne. Sanarwar rasuwa da safe ita ke sa ɗan'uwa a Pitowa ko Gidar ya kama hanya ya samu jana'iza. Idan tasha ta yi shiru na minti arba'in saboda ba wanda zai danna maɓalli, akwai wanda zai rasa sallar gawar mahaifiyarsa. Kuma ni ma ina da rai; hawan babur ƙarfe huɗu na dare ba ƙaramin ganganci ba ne, matata ba ta runtsawa sai na kira ta na ce na isa. Wanda ya ce sauƙi lalaci ne kawai, bai taɓa yin wannan tafiyar ba.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin ɗakin ko kaɗan. A kwamfutar nan muke ajiye muryoyin matan da ke kiran shirin zamantakewar aure, ɗanyu, kafin a sauya musu sauti, tare da lambobin wayarsu. Mace ta faɗi abin da ba ta faɗa wa uwarta ba, don mun yi mata alkawarin ba mai gane ta. Ni na yarda da yaron na'urorinmu, shi ma ya yarda da ni. Ita fa, wa ya tambaye ta ko ta yarda da wayarsa, wadda ƙannensa ke wasa da ita da dare? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko kamfanin AnyDesk da kansa ya sanar a watan Fabrairun 2024 cewa an kutsa cikin na'urorinsa, har ya soke kalmomin sirrin masu shiga shafinsa. In masu ƙera ƙofar ba su tsira ba, ina ga mu da ke bakin Binuwai?

A taron da muka yi na faɗi abin da ya faru, ban ambaci wasiƙar ba. Wasu suka ce a mayar da komai yadda yake da. Ban goyi baya ba. Shawarar da na kawo, aka kuma karɓa, ita ce a raba gida biyu. Wata tsohuwar kwamfuta aka gyara ta zama ta sakin shirye-shirye kawai, ba komai cikinta sai waƙoƙi da sanarwa da talla, ba mai zama a gabanta. Ita ce zaurenmu, tana haɗuwa da kanta in ta tashi. Wadda ake tace murya da rubutu a kanta kuwa, sai na ciki ya amsa. Idan ba kowa, a haƙura sai gari ya waye.

Ba zan ce hankalina ya kwanta sarai ba. Na'urorin biyu a layin intanet ɗaya suke, kuma an gaya mini mai wayo zai iya bi ta ɗaya ya kai ga ɗayar. Wata biyu da suka wuce yaron ya samu aiki a Ngaundere, muka yi masa walima, muka rabu lafiya. Sai da ya yi sati uku da tafiya na tuna kalmar sirrin tana nan yadda ya bar ta. Na zauna zan sauya, sai na ji nauyi, kamar ina cewa ban amince da shi ba. Na kira shi tukuna. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai na zaci tun ranar da na tafi kuka sauya."