Wanda Ruwa Ya Ci, da Haƙƙinsa a Kanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ƴan'uwa, da wuya damina ta fita a ƙasar Matamaye da Kance ba mu je gaisuwar wanda ruwa ya ci ba. Galibi yaro ne da ya shiga wanka a kududdufin da mu da kanmu muka haƙa don buga tubali. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Damagaram, ta bar zaman makoki a gidaje da yawa na Nijar.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi (S.A.W.) ya ƙidaya wanda ya nutse cikin shahidai biyar. Malamanmu suka ce shahidin lahira ne. Saboda haka ana yi masa wanka da likkafani da salla, saɓanin wanda ya faɗi a fagen yaƙi. Wannan bushara ita za ku kai wa mahaifiyarsa. Kada a tambaye ta inda take lokacin da ya fita, ta riga ku tambayar kanta.

Muna taruwa ran uku da bakwai da arba'in, a sauke Alƙur'ani, a ja Salatul Fatihi, a raba gumba da goro, a kai masa ladan. Masu musun wannan ba yau za mu amsa musu ba. Abin da ke damuna shi ne a shafa fatiha a watse, ramin yana nan da bakinsa a buɗe, ƙannen mamacin suna wasa a gefensa.

Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Annabi sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunanta. Abu Dawuda ya kawo shi. To, bayan wazifa muƙaddami ya yi magana, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. A kewaye kududdufin da ƙaya, ko a cike shi da rani, a ajiye randa a ƙofar zawiya da niyyar ladan ya kai gare shi.

Allah Ya karɓi shahadarsu, Ya sanyaya zukatan iyayensu, albarkar Annabi. Amin.