Ruwan da ke ɗaga jirgi

Ya Ubangiji, yau ma da tafiyar nan na farka a raina.

Ka san ta tun kafin in faɗa. Ina so in kai uwargida ta ga teku tun muna da sauran ƙarfi. Mu shiga jirgin ruwa, mu bi gaɓa, mu hangi tsibirin Biyoko, mu sauka Sao Tome, 'yar ƙasar nan ta masu noman koko da ta sami 'yanci daga Fotugal a 1975. Ba fatauci zai kai mu ba. Hutu ne, da marmarin ganin aikin hannunka a inda ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba.

Hanyar duk tana rubuce. Mota daga Garwa zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sai Duwala. Fasfo, biza, katin allurar shawara. Sefa kuma ina tarawa kaɗan-kaɗan. In na lissafa da dare sai in ga ta kusa isa, in gari ya waye kuɗin makarantar yara ya taso, sai in ga ta koma baya. Daga nan zuciyata ta fara sauri, kamar saurinta zai matso da ranar.

Sai ka tuna mini da Binuwai.

A wannan zafi na bazara kogin ya janye. Yashi ne shimfiɗe daga gindin gada har inda ido ya tsaya. Masu tifa suna lodinsa, mata suna shanya wanki a kansa, dorina ta koma gurbi mai zurfi. Baƙo ba zai yarda jirgi ya taɓa tsayawa a nan ba.

Amma jirage sun tsaya. Daga Burutu suke tasowa, can bakin teku, su hau Kwara har Lakwaja, su juyo cikin Binuwai, su wuce Makurɗi da Yola, su ɗaure a tashar Garwa. Su sauke gishiri da siminti da mai, su ɗauki auduga da gyaɗa. Duk wannan cikin 'yan makonnin tsakiyar damina ne, wajen Agusta da Satumba. Sauran shekara kaya suna jibge a sito suna jira. Tashar ta yi sanyi yanzu, tun da hanya da dogo suka karɓe lodi, aka kuma gama madatsar Lagdo a 1982, amma tsofaffi ba su manta ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne wannan, ya Uba. Ruwan da ke ɗaga jirgin nan, yawancinsa ba a Garwa yake sauka ba. A tsaunukan Adamawa yake zuba, wajen Ngaundere. Wani kuma Mayo Kebbi ke kawo shi daga Cadi. Lebura yana zaune a kan buhu, sama wasai a kansa, bai ga hadari ba, bai ji tsawa ba. Alhali ruwansa ya riga ya kamo hanya.

Bai iya ƙara wa kogin ko tsawon yatsa ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya ɗinke bakin buhu, ya jera, ya lulluɓe da tamfal.

Ni ma iyakar nawa ke nan. Zan ajiye abin da ya samu. Zan bi layin takarduna. Amma lafiyar da za mu tafi da ita, da zaman lafiyar hanya, da ranar kanta, daga wurinka suke gangarowa, ta inda idona ba ya kaiwa. Shirun da nake ji ba ya nufin ka bar aiki.

In ruwan bai kawo bana ba, ka riƙe zuciyata kada ta yi tsami. In ma ka ga ba za mu taɓa taka tsibirin nan ba, ba zan ce ka hana ni alheri ba. Wannan maganar tana da nauyi a bakina, ka sani, domin ina son tafiyar ƙwarai. Amma kai da ka ɗora tsibiri a tsakiyar teku, kana nan tare da ni a ɗakin nan, kusa fiye da numfashina. Ba sai na haye ruwa zan same ka ba.

Ka ba ni ƙarfin aikin yau, da fara'a ga mutanen gidana. Ka tuna da masuntan Lagdo da suka riga ni tashi, waɗanda ba hutu ya fitar da su kan ruwa ba, abincin yara ne. Ka tsare kwale-kwalensu daga iska, ka cika musu koma, ka maido su gida lafiya. Amin.