Inda Hadda Ta Ƙare

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara a gindin bishiya a Jalingo ya san wasan hawa biyu ne. Da farko kowa zai jera 'ya'yansa 12 cikin gurabe 30, ɗaya bayan ɗaya, ba a cin kowa. Daga nan sai a shiga turi. Amma gwani ya san sau da yawa tun wurin jerin nan ake kayar da mutum.

Haka abin yake a darar Turawa, wato ces, sai dai su sun mayar da buɗe wasa ilimin littafi. Tun 1561 wani limamin kirista a Sifen, Ruy López, ya yi rubutu a kansa. Yau manyan 'yan gasa kan zo da dogon jerin motsi a ka, wanda suka shirya a gida da taimakon mataimaka da kwamfuta. A 2000, a Landan, Vladimir Kramnik ya farfaɗo da wani tsohon salo mai suna Kariyar Balin, ya karɓe kambun duniya daga Garry Kasparov, wanda bai ci ko wasa ɗaya ba. To, nasarar wa ke nan? Ta ɗan wasa, ko ta magabatan da ya haddace aikinsu?

Wannan damuwa ce ta sa Bobby Fischer, a 1996, ya kawo tsarin sauya jerin manyan 'ya'ya ta hanyoyi 960, don hadda ta rasa amfani. Mu kuwa muna ganin laifin ba na hadda ba ne, domin ba wanda ya fara ilimi daga kansa. Kramnik ya san abokin karawarsa mai son kai farmaki ne, shi ya sa ya zaɓi salon da ke fitar da sarauniyoyi da wuri, wasa ya lafa. Wannan fahimta ce, kuma tasa ce. Abin tausayi shi ne wanda ya haddace motsi bai san dalilinsa ba. Da zarar abokin wasa ya kauce wa littafi, sai dara ta ci gida.

Mu malamai da ɗalibai ya kamata mu dubi kanmu. Ɗalibin da ya haddace takardun darasi yana iya cin jarrabawa, amma duniya ba ta bin littafi. Inda hadda ta ƙare, nan ake sanin abin da muka koyar da shi.